Yadda ake tsara aron kaske mai kashe ƙara a ɗakin karatu na jami'a

A watan Afrilu, shirun da aka rubuta a jikin bangon ɗakin karatu a Damagaram daban yake da abin da kunne ke ji. Wuta ta ɗauke, an tada gurup a bayan gini, fankoki na juyawa, tagogi a buɗe saboda zafi, ƴan kabu-kabu na wucewa, ga ɗalibai uku a lungu suna bitar darasi da murya wai ƙasa-ƙasa. Mai rubuta memuwar ɗin Mastar ba shi da wurin gudu, don ɗakin kwanansa ya fi nan hayaniya. Saboda irin wannan ne ɗakunan karatu na jami'o'i da dama a duniya ke ba da aron kaske na kunne, wanda ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa biyu, a teburin da suke ba da aron littattafai. Abu ne mai yiwuwa a Jami'ar André Salifou da sauran manyan makarantun Zinder, kuma kuɗin sayen kayan ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana kan tebur: kaske yana da batir, yana shan gumi, yana shigewa jaka ba a gani ba, kuma kowa na son sa.

Da farko, saurari ɗakin

Kada ka fara da kasuwa. Ɗauki mako guda kana zama a kujerun ɗalibai, da safe, da bayan azahar, da yamma, kana rubuta abin da ka ji da inda ya fito. Za ka tarar ƙarar iri biyu ce. Akwai mai gunji wadda ba ta yankewa, irin ta gurup da fanka da na'urar sanyaya ɗaki da manyan motoci daga nesa. Akwai kuma mai zuwa ta wuce: hira, dariya, jan kujera, ƙarar waya, buga ƙofa. Abin da za ka saya ya dogara ne ga wadda ta fi yawa a wurinka.

Ga dalili. Sauti girgizar iska ce, tana turawa tana janyewa. A jikin kaske mai batir akwai ƙananan makirfo da ke jin ƙarar waje, sai na'urar ciki ta ƙirƙiro wata girgizar da ke janyewa daidai lokacin da ta wajen ke turawa, su haɗu a bakin kunne su soke juna, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, igiyar ta tsaya cak. Dabarar tsohuwa ce. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya sami rajistar mallakarta a Amurka tun 1936. Kamfanin Bose ya fitar da kasken matuƙan jirgin sama a 1989, sannan na fasinjoji a 2000. Asalin nan yana gaya maka inda ƙarfinsa yake: don gunjin inji aka yi shi. Yana cin ƙara mai kauri da ke ƙasa da kamar hertz 1000 (wato girgiza 1000 a daƙiƙa), wadda ba ta canzawa. Muryar mutum kuwa tana hawa tana sauka cikin ƙiftawar ido, na'urar ba ta iya bin ta sosai. Har ma yakan faru, idan gunjin fanka ya ɓace, hirar maƙwabci ta ƙara fitowa fili. Ɗalibin da ba a faɗa wa haka ba zai dawo maka da shi yana cewa ya lalace.

Akwai nau'i na biyu da mutane ke rainawa, wato murfin kunne marar batir, irin wanda ma'aikatan masana'antu da na filin jirgi ke sawa. Soso ne da roba mai kauri, ba waya ba caji. A jikin kwalinsa ana rubuta SNR da lamba, wadda ke nuna yawan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) da yake ragewa. Nagari, irin na 3M Peltor, suna kaiwa daga 27 zuwa 35. Wannan ya fi mai batir maganin hira, ya fi shi araha nesa ba kusa ba, kuma ba ya ba kowa sha'awar ɗauka tunda ba a jin waƙa da shi. Aibinsa yana matse kai, kuma da zafi yana tara gumi. A ra'ayina, in guda goma za a fara da su, shida su zama marasa batir, huɗu masu batir. Wanda teburansa ke jingine da ɗakin gurup sai ya juya lissafin.

Saye

Na cusawa cikin kunne a bar shi. Ba a goge shi ya tsarkaka yadda ya kamata, kuma ɗaya daga cikin biyun zai ɓata kafin wata ya ƙare. A nemi mai rufe kunne gaba ɗaya, wanda ake iya ɓalle matashinsa a sa sabo, domin matashin ne ke fara mutuwa. A zafinmu fatar robarsa takan soma ɓarewa tun sauran jikin na da lafiya. A sayi matasai na ajiya tun ranar farko. Bakin cajinsa ya zama USB-C, irin na wayoyin yanzu, kuma ya kasance yana da ramin waya na milimita 3.5 don mai son jona shi da kwamfuta.

Sai abu guda da ake mantawa da shi. Yawancin ɗalibanka shiru suke nema, ba za su haɗa shi da wayarsu ba. Wasu kasken suna kashe kansu bayan ƴan mintoci in ba a haɗa su da komai ba. Kunna shi a shago, ka bar shi a kanka kana ciniki, ka ga ko zai mutu. In ya mutu, tambayi ko ana iya kashe wannan saitin. In ba a iyawa, nemi wani.

Batun batir ba abin damuwa ba ne ga sabo. Sony ya ce WH-1000XM4 na kai awa 30, Soundcore ya ce Life Q30 na kai awa 40 da kashe ƙara a kunne, ga shi ya fi na Sony araha ƙwarai. Ɗakin karatu ba ya buƙatar mafi tsada. Abin da yake buƙata shi ne masu batir ɗin duka su zama samfuri ɗaya, don matashi ɗaya ya shiga kowanne, ma'aikata su koyi maɓallai sau ɗaya, kuma kada ɗalibai su riƙa cewa su lamba kaza suke so.

Jabu ya yi yawa, ko a Kasuwar Dole ka saya ko daga Kano aka kawo maka. Kwalin da sunan duk za ka gan su daidai. Gwajin kuwa ba shi da wuya: tsaya kusa da injin da ke aiki, ɗora kasken ba tare da waƙa ba, danna maɓallin kashe ƙara. Na gaske za ka ji gunjin ya nutse nan take. Na jabu ƴar fitila ce kawai za ta kama. A gwada kowanne ɗaya, ba guda a madadin sauran ba, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaske.

Alama da rajista

Kafin ɗalibi ko ɗaya ya taɓa su, a ɓata musu kyau. Samo fenti ruwan ɗorawa ko ja, a rubuta lamba babba a saman maɗaurin kai da gefen kowane kunne, yadda wanda ke bakin ƙofa zai karanta ta daga nesa. A kuma kankare sunan ɗakin karatun a cikin robar da bakin ƙusa mai zafi ko abin zane, ta cikin maɗaurin, nesa da inda wayoyi suka bi. Takardar liƙawa da farce ake cire ta. Kasken da aka yi wa fenti ba ya sayuwa a kasuwa, kuma ba mai yin ado da shi a gari.

In ɗakin karatunku na aiki da manhajar rajistar littattafai irin PMB ko Koha, a shigar da kowanne a matsayin kaya mai lambarsa, a ware masa nau'in aro na awoyi. Duk da haka a ajiye kaye a kan tebur, mai layuka: kwanan wata, lambar kaske, sunan ɗalibi da sashensa, lokacin ɗauka, lokacin dawowa, sa hannun wanda ya karɓa. Ranar da wuta ta ɗauke ita ce ranar da aka fi neman kaske, ita ce kuma ranar da kwamfutar tebur ba ta aiki.

Wayar caji ba a ba da aronta. Tana zama a tebur.

Ƙa'idoji, da maganar kunya

Ƙa'idar ba ta buƙatar tsawo. Aro na cikin ɗaki ne kawai. Awa uku, ana iya sabuntawa in babu mai jira. Ana ajiye katin ɗalibi na shekarar da ake ciki, a saka shi a gurbin da aka ɗauko kasken, yadda duk wanda ya kalli akwatin zai ga ko kaske ko kati a kowane gurbi. A dawo da shi rabin awa kafin rufewa. Wanda ya sa hannu shi ke da alhaki, ko da abokinsa ya miƙa wa. Mai fita salla ko cin abinci ya kawo shi tebur, a riƙe masa na minti talatin. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin lokacin azahar da la'asar ɗaki kan yi fayau, kaya a kan tebura babu masu su.

Maganar biya a raba ta biyu tun a rubuce. Matashin da ya ɓare da batir da ya tsufa na ɗakin karatu ne. Ɓata da karyewar ganganci na mai aro ne, kuma a rubuta ko nawa ne a jikin takardar, da sefa, tun kafin abin ya faru. Ɗalibin da ke jiran kuɗin tallafinsa ba zai iya biya a take ba, don haka a yarda masa ya biya kashi-kashi. In aka tsananta, wanda ya karya zai lallaɓa ya ajiye a lungu ya sulale.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan ɗalibai. Inda tsarin ke rushewa shi ne ranar da babban malami ya shigo, ya ga kaske, ya ce zai je da shi ofis ya dawo da shi gobe. Ma'aikacin tebur yaro ne, wataƙila ma tsohon ɗalibinsa, ba zai iya ɗaga ido ya ce a'a ba. Goben nan kuwa takan kai ƙarshen zango. Kada a bar wa yaron wannan nauyi. Shugaban ɗakin karatu ya sa hannu da hatimi a kan ƙa'idar, a liƙa ta da Faransanci da Hausa a inda kowa zai gani, domin ma'aikacin ya sami abin nunawa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam, ga takardar Shugaba, ko shi ba ya fita da shi. Amma ga tebur can kusa da taga, bari in kawo maka lamba biyu, yanzu aka goge shi." Ba wanda aka ci wa fuska. In kuma malamai na yawan nema, a saya musu nasu guda biyu da kayensu daban.

Miƙawa

Aron farko na kowane ɗalibi a ba shi minti biyu. Kunna kasken a gabansa, ka nuna masa fitilar batir, ka juya shi ya ga ba tsagewa, ka nuna masa harafin L na hagu da R na dama a ciki. Sannan ya ɗora, kai kuma ka duba zamansa, domin duk aikin kaske, mai batir da marar batir, yana kan matashin ya manne da fata kewaye da kunne. Ƴar ƙofa kaɗan ta isa ta shigo da ƙarar.

A nan ne tufafinmu ke shigowa. Hula mai tsayi tana ɗaga maɗaurin, kunnuwan kasken su tsaya sama da inda ya kamata. Ko a cire ta, ko a ja maɗaurin ya yi tsawo. Ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe gefen matashi. Ɗaliba mai hijabi za ta ɗora shi a kan hijabin, kuma yana aiki, sai dai yadi mai kauri ko ninki biyu na rage shi, musamman in ɗaurin ɗankwali ya faɗo daidai kan kunne. Ma'aikaciya mace ce ta fi dacewa ta nuna mata: "Ƙanwata, ɗan ja ɗaurin baya kaɗan, ki shafe yadin ya kwanta, sai ki ɗora." Za ka ga fuskarta ta canza a daidai lokacin da ya zauna, ta waiwaya ta dubi fankar da ke bisa kanta don ta tabbatar tana juyawa. Manyan ƴan kunne a cire su, suna huda matashi. Mai sabon kitso kuwa marar batir zai matse ta, a ba ta mai batir.

Faɗa wa mai aro abu uku kafin ya tafi. Wasu mutane na jin kamar an toshe musu kunne ko ɗan jiri idan an kunna kashe ƙara. In ya ji haka ya kashe, ko ya zo a canza masa da marar batir. Na biyu, in zai saurari darasi ko karatu, kada ya ƙure murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Amfanin kaske mai kashe ƙara ke nan ma, tunda gunjin ya tafi, ba sai an ɗaga murya ba. In na kusa da shi na jin abin da yake saurare, ya yi yawa. Na uku, mai yiwuwa ba zai ji kiran salla ko sanarwar rufewa ba. Ma'aikata su saba da zagayawa su ɗan ƙwanƙwasa tebur a gaban mai kaske, ba su dafa shi ta baya ba. In wani abin gaggawa ya taso, irin gobara, masu kaske ake fara zuwa wa.

Dawowa da gogewa

Kati ba ya komawa hannun mai shi sai an duba. Kunna, ja maɗaurin ka mayar, dubi mahaɗin da ke naɗewa, don nan ne ke tsagewa, ka shafa matasan biyu. Sannan ka rubuta lokaci ka sa hannu. Daƙiƙa talatin ne, amma in aka tsallake shi ba za a taɓa sanin a hannun wa abu ya karye ba.

Gogewa kuwa bayan kowane aro ce, ko da na minti goma ne. Gumi da man kai da turare duk suna zama a matashi, kuma makero da ƙwarƙwata na iya bin abin da kai ya taɓa. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki kaske ya ji shi da danshin wani, labari ya gama sashe. Tsumma mai laushi, a ɗan jiƙa shi da ruwan sabulu marar ƙarfi, a matse sosai, a goge matasai da cikin maɗauri, a bi da busasshe. Alkol mai kashi 70 cikin 100 yana kashe ƙwayoyin cuta, sai dai yawan sa na busar da fatar roba ta tsage, don haka a shafa shi sama-sama a jikin tsumma, kada a zuba ko a fesa. Ruwan jabel kada ya kusance shi. A kiyaye ƙananan ramukan makirfo da ke waje, ruwa ya shiga nan an gama. Bayan gogewa a rataye shi ya sha iska na minti goma kafin ya koma gurbi. Kwando biyu sun isa su hana ruɗani, ɗaya na waɗanda aka dawo da su, ɗaya na gogaggu.

Dabarar da ta dace da mu ita ce riga. Kai matashi ɗaya wurin tela, ya ɗinka ƴan riguna na yadin auduga marar kauri da roba a baki, kamar guda huɗu ga kowane kaske. Kowane mai aro a sa masa wankakkiya, da yamma a tara a wanke. Tana ɗan rage mannewar matashin, amma tana shanye gumi, tana kuma ƙara masa kwana. Wanda kunnensa ke ruwa ko yake da ƙuraje a ka, a ja shi gefe a roƙe shi ya dakata har ya warke, ba a gaban layi ba.

Caji, zafi da ƙura

Batirin litiyom ba ya son zafi. Masu ƙera shi sukan ce a yi caji tsakanin digiri 0 da 45, mu kuma a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40. Don haka a yi caji da sassafe, a ɗakin da ya fi sanyi, ba a bakin taga ba, ba kuma cikin kabad na ƙarfe da ke jingine da bangon yamma ba. Ba sai kullum ba: kaske mai awa 30 zai yi kwana uku ko huɗu yana aiki. A raba su gida biyu ana cajin su bi da bi, a cire da sun cika, kada a bar su a jone a kwana ba kowa. Wutarmu volt 220 ce, amma dawowarta bayan ɗaukewa takan zo da ƙarfi, saboda haka a jona caja a abin kariya daga hawan wuta. A tanadi babban batirin ajiya guda, ko a ja layi daga sola in ginin na da ita. Wanda ya ga yadda aka yi daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har zuwa farkon 2024, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Duk kasken da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima a caji, ko yake wari, a cire shi daga aiki a ajiye shi nesa da takardu.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Tana toshe ramukan makirfo da bakin caji, sai ka ji kaske na shuu ko ya ƙi karɓar wuta. Akwati mai murfi, da busasshen burushin haƙori mai laushi sau ɗaya a mako, sun wadatar. A wannan ranar ce kuma za a share sunayen wayoyin da kasken ya riƙe ta Bluetooth, bisa yadda takardarsa ta nuna. In ba haka ba, yana kan wata ɗaliba zai kama wayar wanda ya are shi jiya, ta ji kiran da ba nata ba.

Bayan wata guda

Buɗe kayen ka karanta. Zai nuna maka awoyin da ake layi, da nau'in da aka fi nema, da lambar da kullum ake dawowa da ita da wuri, wadda ƙila tana da matsala. Da shi za ka je wurin hukuma neman ƙari kafin lokacin jarrabawa. Ka kuma lura da inda masu aron ke zama. In duk a kusurwa ɗaya suke, to a duba kusurwar: wataƙila fanka ce ke son mai, ko ƙofa ce ke son roba, ko teburin masu bita a rukuni ne ya kamata a mayar wani ɗaki.

Idan babban hutu ya zo, a cire rigunan a wanke, a goge kowane kaske, a bar batirinsa kamar rabi, a kashe shi, a rufe akwatin a ɗaki mai inuwa inda damina ba ta yoyo. A tsakiyar hutun wani ya zo ya duba su, ya ɗan ƙara wa waɗanda suka sauka caji, domin batirin da ya zauna fanko wata da watanni yakan ƙi tashi. Mako guda kafin a koma, a ƙirga su da lambobin rasit, a canza matasan da suka ɓare, a sabunta fentin lambobin da suka goge.